Ɗumamar Yanayi: Ina Saɓanin Masana Yake, Kuma Wa Ya Cancanci A Kira Shi Masani?

A watan Janairun 2025 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sanar da cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye ma'auni, kuma zafinta ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Selshiyos. A cikin wannan wata ne kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a takardar janye Amurka karo na biyu daga Yarjejeniyar Faris, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage ɗumamar yanayi. Da Yuli ya zo, Ma'aikatar Makamashin Amurka ta fitar da rahoton wasu masana biyar da ke cewa an zuzuta haɗarin iskar kabon. Ba a jima ba wasu masana fiye da 85 suka mayar da dogon martani, suna cewa rahoton ya tsinci hujjojin da suka yi masa daɗi ne ya bar saura.

Mai sauraron rediyo a Kawo ko Kafanchan yana jin ɓangarorin biyu, kuma kowane ɓangare akwai farfesoshi a cikinsa. Ga bidiyoyin da ake turowa a WhatsApp, wani ya ce duniya ta kusa tashi, wani ya ce dabarar Turawa ce ta hana Afirka amfani da man da Allah ya ba ta. Manomin Giwa ko Lere kuwa da tasa shaidar: damina ba ta faɗuwa yadda ya saba. Tambayoyi biyu ne suka cakuɗe a nan. Me aka tabbatar, me ba a tabbatar ba? Sannan wa ke da hurumin faɗa?

## Ma'anar kalmomin

Yanayin yini shi ne abin da ke faruwa yau ko a wannan mako: hadari ya haɗo a Zariya, hazo ya hana jirgi sauka a Kaduna. Ɗabi'ar yanayin wuri kuwa matsakaici ne da ake fitarwa daga ma'aunin shekara 30 a jere, kuma zangon da hukumomi ke amfani da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020. Saboda haka hunturu guda mai tsananin sanyi ba ya ƙaryata ɗumamar yanayi, zafin Afrilu guda ma ba ya tabbatar da ita.

Ɗumamar yanayi na nufin hawan matsakaicin zafin doron duniya baki ɗaya, tudu da teku. Sauyin yanayi ya fi faɗi, ya haɗa da abin da zafin ke jawowa: canjin lokacin ruwa da ƙarfinsa, fari, narkewar ƙanƙara, da cikowar teku.

Ga yadda abin ke aiki. Hasken rana yana ratsa iska ya sauka ƙasa, ƙasa ta yi zafi ta mayar da zafin sama ta wani nau'in haske da ido ba ya gani. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kusan kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska, ba sa tare wannan haske. Tururin ruwa, iskar kabon da iskar metan su ne ke tsotse shi, su maido da wani sashe ƙasa. Ba don su ba da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon kusan 15 da ake da shi. Ke nan samuwarsu rahama ce, yawansu ne abin magana. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon tana kusan kashi 280 cikin miliyan na iska. A 1958, da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi, ya sami kimanin 315. Yanzu ta haura 420. Ƙarin ya fito ne daga ƙona kwal, fetur da gas, daga yin siminti, da sare dazuka. Metan kuwa tana fitowa daga cikin shanu, fadamun shinkafa, juji, da yoyon rijiyoyin gas.

Digiri ɗaya da rabi kamar ba komai ba ne ga wanda ke ganin bambancin digiri 15 tsakanin asuba da azahar a lokacin hunturu. Amma matsakaicin duniya wani abu ne daban. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada, digiri 5 zuwa 7 kawai duniya ta fi ta kafin zamanin masana'antu sanyi. Kuma tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi, don haka mazauna tsakiyar nahiya suna samun fiye da matsakaicin.

Hujin ozon, wato raguwar iskar can sama da ke tare haske mai cutarwa na rana, wanda mutane da yawa ke haɗa shi da wannan batu, matsala ce dabam. Sinadaran firji da na feshi ne suka jawo shi, Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana su, kuma yana kan hanyar rufewa.

## Yadda aka gano hannun ɗan'adam

Ilimin ya girmi rigimar siyasar da ke kansa. John Tyndall ya auna yadda iskar kabon ke tsotse zafi a ɗakin gwaji a 1859. A 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya lissafa da hannu cewa ninka ta sau biyu zai ƙara wa duniya digiri 5 zuwa 6. Lissafinsa ya yi sama, amma alƙiblarsa daidai ce.

Masu shakka sukan ce yanayi ya sha canzawa tun kafin a ƙera mota, kuma gaskiya suka faɗa. Saharar nan ta taɓa zama ƙasar tafkuna da ciyawa shekaru dubbai da suka wuce. Sai dai kowane canji yana da musabbabinsa, kuma kowane musabbabi yana barin sawu irin nasa. Da rana ce ta ƙara ƙarfi, da iska ta yi zafi tun daga ƙasa har can ƙololuwa. Abin da ake aunawa shi ne iskar ƙasa-ƙasa tana zafi, ta can sama tana sanyi, kuma haka Syukuro Manabe da Richard Wetherald suka yi hasashe tun 1967 idan iskar kabon ce sanadi. Taurarin ɗan'adam suna auna ƙarfin rana tun 1978, ba a ga ya ƙaru ba. Duwatsu masu aman wuta ba sa fitar da abin da ya wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kabon da mutane ke fitarwa, manyansu ma sanyaya duniya suke yi na ɗan lokaci: Pinatubo na Filifin ya rage zafi da kusan rabin digiri bayan 1991. Sannan kabon da ya fito daga kwal da fetur yana da alamar sinadari da ta bambanta shi da na teku ko na aman wuta, kuma wannan alama ce ke ƙaruwa a iska.

Wata ƙorafin ita ce an kafa ma'aunan zafi a birane, inda kwalta da kwano ke ƙara zafi. Wannan ma ƙorafi ne mai tushe. Richard Muller, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana cikin masu wannan shakka, har ya kafa tawagarsa don sake lissafin daga farko, ya ware tashoshin karkara daban. A 2012 ya bayyana cewa sakamakonsa ya yi daidai da na waɗanda yake shakka a kansu. Ban da haka, kashi 70 cikin 100 na doron duniya teku ne, babu birni a kansa, kuma shi ma yana ɗumama.

## Wane ne masani?

A gareji guda akwai bakanike, akwai rewaya, akwai mai gyaran jiki. Dukansu sun san mota, amma wanda wayar motarsa ta ƙone ya san wurin wa zai je. Haka ilimin yanayi yake da rassa. Akwai mai hasashen yini da na mako, irin aikin da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta fi shahara da shi. Akwai mai nazarin ɗabi'ar yanayi na shekaru masu yawa, akwai masanin fiziyar iska da gajimare, masanin teku, masanin ƙanƙara, mai karanta tsohon yanayi daga zoben itace da lakar tafki, da mai gina lissafin kwamfuta. A gefensu akwai masanin ruwa, masanin aikin gona, likita da masanin tattalin arziki, waɗanda ke nazarin abin da sauyin zai haifar. Farfesan da ya ƙware a ɗaya ba lalle ne ya ƙware a saura ba.

Abin da ake dubawa kafin a ba maganar mutum nauyi abu huɗu ne: ko ya yi bincike a kan ainihin tambayar da yake amsawa, ko ya buga binciken a mujallar da takwarorinsa ke tantance rubutu kafin a buga, ko ya fito da alƙalumansa fili don wasu su sake lissafi, da kuma wa ke biyan kuɗin aikin. Tantancewar takwarori ba ta hana kuskure, amma tana tilasta wa mai da'awa ya fuskanci waɗanda suka san inda kuskure ke ɓuya. Bidiyon intanet ba ya bi ta wannan ƙofa.

Adadin nan da ake yawan ambata, cewa kashi 97 cikin 100 na masanan yanayi sun yarda ɗan'adam ne ke jawo ɗumamar, yana da tarihi. A 2009 Peter Doran da Maggie Zimmerman sun sami amsar masana kimiyyar ƙasa fiye da 3,000. Kashi 82 suka ce ayyukan ɗan'adam suna da babban tasiri a ɗumamar. A cikin masu binciken ma'adinai kashi 47 ne kawai suka yarda, a cikin masu hasashen yanayin yini 64, a cikin waɗanda ɗabi'ar yanayi ce fanninsu kuma suke buga bincike a kai 75 daga cikin 77. Masu suka sun ce mutum 77 sun yi kaɗan, kuma sukar tana da ƙarfi. A 2013 John Cook da abokan aikinsa suka duba taƙaitattun bayanan maƙalu kusan 12,000. Kashi biyu cikin uku ba su faɗi matsayi ba, a cikin waɗanda suka faɗa kashi 97 sun ɗora wa ɗan'adam. Masu suka sun riƙe kashi biyu cikin ukun nan, masu karewa suka ce mai bincike ba ya maimaita abin da fanninsa ya riga ya gama magana a kai. Wani nazarin na 2021 ya sami fiye da kashi 99. Hanyoyin sun bambanta, kowace da rauninta, amma abu guda suke nunawa: gwargwadon kusancin mutum da fannin, gwargwadon yardarsa.

A ɗaya ɓangaren akwai takardun ƙorafi masu dubban sa-hannu. Wadda ta fi suna ita ce ta Oregon, da aka fara a 1998, mai sunaye fiye da 31,000. Sharaɗin shiga shi ne digirin farko a kowane fannin kimiyya, har da injiniyanci da likitanci, kuma mutum 39 ne a ciki suka rubuta ilimin ɗabi'ar yanayi a matsayin fanninsu. Akwai kuma masu lambar Nobel da ke musun matsalar, kamar John Clauser, wanda ya sami lambarsa a 2022 kan halayyar ƙwayoyin haske. Girman aikinsa a can ba abin musu ba ne, sai dai ba a kan yanayi ya yi shi ba. Lambar Nobel ta fiziya da aka bayar kan yanayi ita ce ta 2021, ta Manabe da Klaus Hasselmann.

Kuskure ne kuma a ce duk mai saɓawa jahili ne ko ɗan kwangila. Richard Lindzen, John Christy, Roy Spencer da Judith Curry masana iska ne na gaske, kuma ukun ƙarshe suna cikin marubutan rahoton Amurka na 2025. Babu ɗayansu da ke musun cewa iskar kabon tana riƙe zafi. Abin da suke cewa shi ne ɗumamar ba za ta kai yadda ake tsoro ba. Lindzen ya kawo ra'ayi a 2001 cewa gajimaren sama na yankuna masu zafi zai riƙa buɗewa ya saki zafi, amma binciken da ya biyo baya bai sami ƙarfin tasirin da ya zata ba. Ma'aunin tauraron ɗan'adam na Christy da Spencer da farko bai nuna ɗumama ba, sai wasu masana suka gano kurakurai a lissafin zamewar taurarin daga hanyarsu. Aka gyara, yanzu shi ma yana nuna hawan kimanin digiri 0.15 a duk shekara goma. An saurare su a fagen ilimi, an gwada da'awarsu, mafi yawanta ba ta tsaya ba.

Ɓangaren rinjaye ma ba ma'asumi ba ne. Kwamitin IPCC, na masana sauyin yanayi, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1988, ya rubuta a rahotonsa na 2007 cewa ƙanƙarar Himalaya za ta iya ƙarewa kafin 2035. Ba daga binciken da aka tantance maganar ta fito ba, kuma kwamitin ya amsa kuskurensa a 2010. Kwamitin ba ya yin bincike da kansa, tattara abin da aka buga yake yi. Kashi na farko na rahotonsa na 2021 marubuta 234 ne suka haɗa shi daga maƙalu fiye da 14,000, kuma gwamnatoci, har da masu arzikin mai irin Saudiyya da Najeriya, sai da suka amince da taƙaitawarsa layi-layi. 'Yan gwagwarmaya da 'yan siyasa da ke cewa duniya za ta ƙare nan da shekara kaza, ba daga wannan rahoto suka samo ba.

Batun kuɗi kowane ɓangare yana jifan ɗaya da shi. Abin da ke rubuce shi ne masanan kamfanin mai na Exxon sun yi nasu lissafin tun ƙarshen shekarun 1970, kuma wani nazari na 2023 ya nuna hasashensu ya zo kusa da abin da ya faru, alhali kamfanin ya daɗe yana nuna shakka a bainar jama'a.

## Inda saɓanin gaske yake

Na farko shi ne yawan zafin da ninka iskar kabon zai kawo. IPCC ta ce mafi kusa digiri 3, kuma mai yiwuwa tsakanin 2.5 da 4. Gajimare ne ya sa tazarar ta ƙi rufuwa, domin na ƙasa-ƙasa yana sanyaya duniya, na can sama yana riƙe zafi, kuma lissafin kwamfuta bai gama kama halinsu ba.

Na biyu shi ne ya fi shafar Arewa: ruwan sama. A kan zafi kusan dukkan lissafin sun yarda cewa Afirka ta Yamma za ta ƙara zafi. A kan damina kuwa sun rabu. Da yawa suna nuna ƙarin ruwa a tsakiya da gabashin Sahel, da raguwa a can yamma wajen Senegal, wasu kuma ba su nuna haka ba. Tarihin wannan muhawara ya isa darasi. Bayan farin farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, bayanin da ya yi tashe shi ne na Jule Charney, babban masanin iska, wanda ya ce a 1975 yawan kiwo ya tsiraita ƙasa, ƙasar ta riƙa mayar da hasken rana, ruwa ya ragu. An daɗe ana ɗora wa makiyayi da manomi laifi a kan haka. Daga baya binciken Chris Folland a 1986 da na Alessandra Giannini a 2003 suka nuna cewa canjin zafin tekuna ne babban dalili, wasu binciken kuma suka ƙara da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin Atlantika ya ja damina kudu. Babban masani ya yi kuskure, kuma masana ne suka gyara shi da ma'auni.

Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali. Wani nazari na 2017 da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Akwai dalilin fiziya a ƙarƙashin irin wannan: duk ƙarin digiri ɗaya, iska tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Jimillar ruwan shekara tana iya zama kamar da, amma ya sauko a kwanaki kaɗan, da tsayin fari a tsakani.

Tafkin Chadi ma misali ne na inda ake yawan zarce hujja. Ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980. Amma fari da ɗibar ruwan noman rani duk suna da hannu, kuma hotunan baya-bayan nan ba su nuna yana ci gaba da ƙafewa ba.

Na uku ba tambayar kimiyya ba ce, tambayar adalci da tattalin arziki ce. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya. Ɗan Najeriya yana fitar da kimanin rabin tan a shekara, Ba'amurke kusan tan 14. Najeriya ta yi Dokar Sauyin Yanayi a 2021, ta kuma yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take shanyewa ba. A lokaci guda tana shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Wasu na ganin saɓani ne, wasu na cewa ƙasar da miliyoyin gidajenta ke girki da itace da gawayi tana buƙatar gas kafin ta kai ga wani abu. Masanin gajimare ba shi da fifiko a kan kowa wajen yanke wannan hukunci. Mutum yana iya yarda da kimiyyar gaba ɗaya ya kuma ƙi yarda da sharuɗɗan da ƙasashe masu arziki ke gindayawa.

## Manomi da malami

Dattijon da ya yi shekara hamsin yana noma a Soba shaida ne. Ya san lokacin da shamuwa ke zuwa, ya san tsawon marka a da, ya san fadamar da ta daina riƙe ruwa. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sha faɗin cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin da ake buƙata ba, don haka irin wannan sani yana cike gurbi na gaske. Iyakarsa ita ce musabbabi. Fadama tana iya ƙafewa don ruwan sama ya ragu, ko don an sare itatuwan da ke samanta, ko don an haƙa rijiyoyin burtsatse da yawa a kusa. Ido ba ya raba waɗannan, ma'auni ne ke rabawa.

Malaman addini kuma suna da hurumi a kan amana da ɓarna. A 2015 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙa kan muhalli, a shekarar kuma malaman Musulunci suka fitar da sanarwa kan sauyin yanayi a Istanbul. Imani da ƙaddara da sallar roƙon ruwa ba sa karo da auna ruwan, kamar yadda ba su hana neman sababi a sauran al'amura ba. Inda ake samun matsala shi ne a mayar da mumbari wurin yanke hukunci kan alƙaluman da mai magana bai duba ba.

## Abin da wannan ke nufi ga mutanen Kaduna

Zafi shi ne ɓangaren da babu shakka a kansa. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masu nazarin danganta bala'i da musabbabinsa sun ce irin wannan zafi ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba. Kaduna ba ta kai Kayes zafi ba, amma Maris da Afrilu za su ƙara nauyi ga tsofaffi, jarirai, masu ciki, leburori da 'yan acaɓa. A cikin gari rufin kwano marar silin, sare itatuwa da rashin wuta suna ƙara nasu a kan na duniya.

Ga masara, wadda jihar ke kan gaba wajen nomanta, wani nazari na 2011 kan gwaje-gwajen gona fiye da 20,000 a Afirka ya nuna cewa duk yinin da zafi ya haura digiri 30 da digiri ɗaya, amfanin yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 idan akwai ruwa, da kashi 1.7 idan ana fari. Lokacin fitar bunu da gemu ne ya fi haɗari. Babban asarar da aka fi yi kuwa ita ce shuka a ruwan farko, sannan sama ta ɗauke mako biyu, iri da taki su tafi. Ɗaya daga cikin ma'aunan da masana aikin gona na Sahel ke amfani da shi wajen cewa damina ta zauna shi ne a sami milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da farin da ya wuce kwana bakwai ba a kwana 30 da ke biye. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita, wato milimita 20 lita 200,000 ce a hekta. NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar faɗuwa, ranar ɗaukewa da tsawonta. Hasashe ne na yiwuwa, yana da tazarar kwanaki, kuma amfaninsa shi ne zaɓen iri: inda aka yi hasashen gajeriyar damina, masara mai kwana 80 zuwa 95 ta fi mai kwana 110 zuwa 120 aminci, ko da ba ta kai ta yawan buhu ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da ire-iren masara masu saurin nuna da masu jure fari, kuma malaman gona su ne masanan da suka dace da wannan tambaya.

Ambaliya ita ce inda ake yawan fakewa da sauyin yanayi. Ta 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a Najeriya, kuma nazarin da aka yi bayanta ya ce ɗumamar yanayi ta sa irin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi ya fi saurin aukuwa da kusan ninki 80. Nazarin kansa ya ambaci gine-gine a bakin ruwa da yadda ake sarrafa madatsu. A Kaduna, unguwannin da ke gaɓar kogi da rafuka irin Kigo Road, Rafin Guza da sassan Tudun Wada sun daɗe suna shan ruwa. Ruwa mai ƙarfi yana ƙara haɗarin, amma gini a kan hanyar ruwa, kwalbatin da ta yi ƙanƙanta da magudanar da leda ta toshe su ne ke mayar da ruwa bala'i. Jami'in da ya ce sauyin yanayi ne ya yi shiru, rabin magana ya faɗa. Masanin da ake buƙata a nan shi ne na ruwa da na tsara gari, kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando. NIHSA, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, ita ma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kowace shekara kafin damina.

Haka batun ƙwari da cututtukan shuka. Tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 asalinta daga Kudancin Amurka take, ta biyo hanyoyin kasuwanci. Cutar da ta lalata citta a Kachia, Jaba da Kagarko a 2023 ta naman gwari ce. Zafi da laima suna iya taimaka wa irin waɗannan, amma kafin a ce sauyin yanayi ne ya kawo su sai an yi bincike a kan kowace, kuma maganinsu yana hannun masanin cututtukan tsirrai: iri mai tsabta, sauya gona, da magudanar da ba ta barin ruwa ya kwanta.

Akwai kuma kuɗin da ke shigowa da sunan yanayi. Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na tare kwararowar hamada, amma tana cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi a jihohin Arewa 19 da Abuja, don gyaran ƙasar da ta lalace da kula da ruwa. Bashi ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba. Auna nasararsa aikin mai binciken kuɗi ne da na al'ummar da aka yi aikin a garinsu: hekta nawa aka gyara, a wace gunduma, kuma itatuwa nawa ne suka rayu bayan rani biyu.